Farfaɗo Da Filayen Kiwo A Jihar Maraɗi: Matsayin Taki Da Yaƙi Da Garmani

Gabatarwa

Matafiyin da ya bi hanyar Maraɗi zuwa Tasawa a tsakiyar watan Agusta zai ga burtali da filayen kiwo sun yi kore shar, har ya ɗauka dabbobin yankin suna cikin ni'ima. Sai ya sauka ya matsa kusa zai gane cewa a wurare da yawa koren nan na garmani ne, tsiron da masana ke kira Sida cordifolia, wanda saniya ke ratsawa ba tare da ta sunkuyar da kai ba. A ƙarƙashinsa babu kyasuwa, babu burburwa, gadagi ma sai an tona. Shanu na tsaye cikin kore suna jin yunwa, gonar gero kuma tana nan a gefe, taku kaɗan tsakaninta da su. Daga irin wannan tsayuwa ce rigingimu da yawa tsakanin manomi da makiyayi suke farawa.

Duk lokacin da aka zauna neman mafita, magunguna biyu ne suka fi saurin zuwa baki. Na farko a kawar da mugun tsiron, ko da hannu ko da feshi. Na biyu a zuba wa ƙasar takin zamani domin ciyawa ta dawo. Dukkansu suna da gurbi, kuma za a nuna gurbin kowane a ƙasa. Sai dai ra'ayin da wannan rubutu yake karewa shi ne, filin da yawan kiwo ya kashe ba ya tashi da taki ko feshi matuƙar ba a fara ba shi hutu ba, hutun kuma ba ya tabbata sai da yardar masu dabbobin da ke cinsa. Wanda ya juya wannan tsari, ya fara da buhu da kwalba, kuɗinsa zai ƙare garmani yana nan.

Yadda filin kiwo yake mutuwa

Yawancin ciyawar Sahel ƴar shekara ɗaya ce. Tana tsirowa da ruwan farko, ta yi kai, ta zubar da iri a ƙarshen damana, sannan ta bushe. Rayuwarta ta baɗi tana cikin irin da ta zubar bana. Idan dabbobi suka kwana suka wuni a fili ɗaya tun daga shuka har kaka, suna cinye ciyawa mai daɗi kafin ta kai ga yin iri. Shekara ɗaya ko biyu ba za su nuna illar ba, domin akwai sauran iri a cikin ƙasa. Amma in aka jera shekaru a haka, ajiyar takan ƙare. Gamba, wadda take da saiwa mai ɗorewa, ta riga ta ja baya ƙwarai tun farin 1973 zuwa 1974 da na 1984, har ta kai a garuruwa da dama sai a kan iyakar gonaki ake ganinta, inda manomi ke tsaronta saboda zana.

Tsiron da dabba ba ta so shi ne ke cin ribar wannan hali. Ganyen garmani yana da gashi, shanu da tumaki suna kauce masa, saboda haka yakan kai ga yin fure ya zubar da iri mai yawa ba tare da an taɓa shi ba. Yana tashi da tsawo ya rufe ƙananan ciyayi da inuwa. Dabbobi da ruwan sama kuma suna ɗaukar irinsa daga wannan zango zuwa wancan. Inda garmani bai kama ba, ƙasar takan zama faƙo: samanta ya daskare, ruwa ya sauka ya gudu bai shiga ba, iska ta kwashe duk wani iri da ya faɗi. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Garmani ƙadangare ne kawai, tsagewar bangon ita ce ciyawar da aka hana yin iri.

Ya kamata a tambayi dalilin da ya sa dabbobi suka taru a wuri ɗaya, domin galibi akan ɗora laifin a kan makiyayi cikin gaggawa. A lokacin samun ƴancin kai a 1960, mutanen Nijar ba su kai miliyan huɗu ba. Ƙidayar 2012 ta samu fiye da miliyan 17, jihar Maraɗi ita kaɗai tana da sama da miliyan uku. Gonaki sun cinye saura da daji, al'adar barin gona ta huta ta kusa ɓacewa a kudancin jihar. Dokar 1961 ta shata iyakar da noma ba zai wuce ba ta arewa, amma gonaki sun daɗe da tsallake ta a wajen kwarin Tarka. Da damana, dabbobin gari da na masu wucewa duk sukan matsu a ƴan guntayen filayen da suka rage da kuma cikin burtali. Ƙuncin wuri ne ya haifar da yawan kiwon, kuma maganin da bai duba ƙuncin nan ba bai taɓa tushen cutar ba.

Abin da taki zai iya da wanda ba zai iya ba

Masu kiran a zuba taki suna da hujja ta ilimi, kuma adalci ne a kawo ta da ƙarfinta. A ƙarshen shekarun 1970, masana daga Mali da Holan sun yi dogon bincike a kewayen Niyono ta ƙasar Mali, suka fitar da sakamakonsa a 1982. Abin da suka gano ya saɓa wa zaton mutane da yawa. A arewacin Sahel, inda ruwan shekara bai kai kimanin milimita 300 ba, ƙarancin ruwa ne ke taƙaita ciyawa. Amma a kudu da nan, abin da ke taƙaita ta shi ne ƙarancin sinadaran naitirojin da fosfaras a cikin ƙasa, har ma mafi yawan ruwan da ke sauka yakan tafi ba tare da tsiro ya amfane shi ba. Da suka zuba taki a filayen gwaji, ciyawa ta ninka sau da dama da ruwan saman nan dai. Kudancin Maraɗi yana cikin wannan sashe na biyu.

Akwai ma wani bashi da gona take bin filin kiwo da shi a juye. Shekaru aru-aru dabbobi suna cin ciyawar daji da rana, su kwana a gona ko a garke, kashinsu ya ƙare a gindin gero. Manomi kan ba Bafulatani damin hatsi domin ya sauke garkensa a gonarsa da rani. Ta haka albarkar daji ta riƙa ƙaura zuwa gona sannu a hankali, babu mai mayar mata. Don haka batun cewa ƙasar kiwo tana jin yunwa gaskiya ne.

Matsalar tana wajen aiwatarwa. Taki ba ya zaɓen bakin da zai ciyar. In an watsa shi a filin da garmani ya mamaye, garmanin ne mai saiwa a ƙasa da iri a ajiye, shi zai fara sha. In an watsa shi a kan faƙo, ruwan farko zai wanke shi zuwa kwazazzabo. In kuma aka yi sa'a ciyawa ta fito, takan fi ta kewaye laushi da daɗi, sai dabbobin yankin duka su karkato kanta su cinye ta kafin ta yi kai. Naitirojin kuma ba ya zama a ƙasar jigawa, abin da aka zuba bana sai an sake zubawa baɗi.

Sai batun kuɗi. Nijar daga waje take shigo da takin zamani, kuma manomanta suna cikin masu ƙarancin amfani da shi a duniya saboda tsada. Farashinsa ya tashi a 2022 bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukuren, rufe iyakar Benin bayan juyin mulkin Yulin 2023 kuma ya ƙara wahalar da hanyar Kwatano. Manomin da bai iya sayen buhu ɗaya ya sa wa geron da zai ciyar da iyalinsa ba, ba za a sa ran ya saya wa filin da kowa ke kiwo a cikinsa ba. Su kansu masu binciken Niyono ba su ga ribar watsa taki a faɗin daji ba, domin naman da nonon da za a samu ba za su biya kuɗinsa ba.

Gurbin taki na gaskiya ƙarami ne, amma yana da muhimmanci. Cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, ta nuna cewa ɗan taki kaɗan da aka sa a ramin shuka, kimanin giram shida na NPK ko giram biyu na DAP, yana ɗaga amfanin gero sosai. Hikimar ita ce a kai ɗan abin da ake da shi daidai bakin tsiron da ake so. Haka ya dace a yi wa filin kiwo. A kan faƙo, a gina rabin wata, wajen 300 a hekta, a zuba kashin dabbobi a ciki, a watsa irin ciyawa. Ramin zai tare ruwa da taki da iri a wuri ɗaya, gara kuma ta huda ƙasar. A keɓe ƴan ƙananan wurare masu tsaro domin noman irin kyasuwa da gamba, a nan ne buhun taki zai biya kansa. Fosfaras ya fi cancanta da kuɗin jama'a, domin yana daɗewa a ƙasa, kuma yana ƙarfafa dangin wake irin su gadagi waɗanda ke jawo naitirojin daga iska da kansu. Nijar tana da dutsen fosfat a yankin Tawa wanda ake niƙawa a zuba a gona. Sauran takin kuma ya fi amfani a gonar wake, inda harawar da za a samu za ta rage wa daji nauyi a bazara.

Tugewa da feshi

An daɗe ana yaƙi da garmani a jihar Maraɗi. Ayyukan raya karkara da dama, ciki har da waɗanda asusun FIDA ya tallafa wa a yankin Agye da kewaye, sun sa jama'a sun nome shi sun watsa irin ciyawa a madadinsa. Abin da aka koya daga waɗannan ayyuka a fili yake. Lokaci shi ne kan gaba: in aka tuge garmani kafin ya yi fure, an hana shi ƙara iri, in kuwa aka bari ya nuna, tugewar ma shuka shi ce. Na biyu, wurin da aka share ba ya zama fanko. In ba a watsa kyasuwa ko burburwa nan take ba, irin garmanin da ke kwance a ƙasa shi zai sake cike gurbin. Na uku, shekara ɗaya ba ta isa, domin irin da ke ƙasa ba ya tsirowa gaba ɗaya a damana guda.

A nan ne tsarin gina-ka-ci yake da rauni. Ana biyan mutane kuɗi ko hatsi su share hekta kaza, a ɗauki hoto, a rubuta rahoto, aikin ya tashi. Damana mai zuwa dabbobi su dawo kamar da, su cinye sabuwar ciyawar tun tana jaririya, bayan ƴan shekaru filin ya koma yadda aka same shi. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Babu laifi a biya talaka ladan guminsa a lokacin da rumbu ya yi ƙasa, amma kasafin da ya tanadi kuɗin noma bai tanadi na tsaro da na sake bi a shekara ta biyu da ta uku ba, rabin kasafi ne.

Feshi yana da farin jini saboda sauri. Maganin da ake kira 2,4-D yana kashe tsirrai masu faɗin ganye ya bar ciyawa, don haka a ido kamar an yi shi ne domin garmani. Amma gadagi ma mai faɗin ganye ne, haka nan ƴaƴan gawo da bagaruwa da aduwa da ke ƙoƙarin tashi, kuma waɗannan su ne ke ba dabba abinci mai gina jiki a lokacin da busasshiyar ciyawa ta zama kamar kara. Gilifoset kuwa ba ya barin komai. Babu ɗaya daga cikinsu da ke taɓa irin da ke cikin ƙasa. Ga kuma haɗarin da ke tattare da fesa guba a wurin da yara ke kiwo, mata ke tsinkar tafasa, ruwa kuma ke gangarawa tabkin da mutum da dabba ke sha. Kwamitin ƙasashen Sahel mai tantance magungunan feshi ya haramta farakwat tun 2011, amma kasuwannin kan iyaka cike suke da kwalaben da ba su bi ta hannunsa ba. Idan har za a yi feshi, to ya kasance a ƙaramin wurin da garmani ya yi kauri har hauya ta gaza, da magani mai rajista, a hannun wanda aka horar, sau ɗaya domin buɗe wa iri hanya.

Hutu da mai tsaron hutu

Abin da ciyawa ƴar shekara ɗaya take buƙata bai da tsada: a bar ta ta zubar da iri damana biyu ko uku a jere. Bayan iri ya zuba, shigar dabba ba ta da illa sosai, kofatonta ma yana taimakawa wajen binne shi. Wato hutun na ƴan watannin damana ne, kuma ba dole ne ya shafi filin gaba ɗaya a lokaci guda ba. Ana iya raba fili kashi-kashi, a rufe ɗaya a yi masa aiki, a buɗe shi in ya tashi, a koma na gaba.

Wasu za su ce a kewaye da waya a huta. An gwada haka a Widu da ke yankin Ferlo na ƙasar Sanagal tun daga 1981, inda aka killace filaye aka ƙayyade yawan dabbobin da ke cikin kowane. Bayan shekaru ana bibiya, sakamakon bai nuna cewa killacewar ta fi kiwon yawo ba. A shekarar fari dabbobin cikin waya sai an fitar da su, a shekarar ruwa kuma ciyawa takan yi musu yawa ta taru ta danne sabon tsiro. A ƙasar da ruwa ke sauka nan ya tsallake can, tafiya ita ce hanyar da makiyayi ke hutar da ƙasa tun asali. Dokar kiwo ta Nijar ta 2010 ta amince da wannan, ta ɗauki zirga-zirgar makiyaya a matsayin haƙƙi na asali.

Saboda haka shingen da ake buƙata na yarjejeniya ne. Kundin dokokin karkara na 1993 ya samar da kwamitocin kula da filaye, kuma ta hannunsu ne ya kamata a shata filin, a rubuta cewa na kiwo ne, kafin a sari ƙasa ko sau ɗaya. Wannan mataki yana da dalili. Filin da aka gyara yakan yi daraja, daraja kuma tana jawo ido. Waɗanda suka yi gumi a kansa sukan fara ganin nasu ne, mai hali ya aiko da amalanke a kwashe ciyawar a kai birni, wani ya shuka itatuwa domin ya kafa hujjar mallaka. Makiyayin da aka ce ya janye na damana biyu sai ya dawo ya tarar an rufe masa ƙofa har abada. Wanda ya taɓa ganin haka ba zai sake yarda da kalmar hutu ba. Dole arɗo da rugga da wakilan masu wucewa, da ƙungiyoyin makiyaya irin su AREN, su zauna tare da mai gari da mata masu awaki tun ranar farko, a san ranar rufewa, ranar buɗewa, wanda zai yi tsaro, da inda kuɗin tara da na ciyawa za su shiga. Jihar da ta ga abin da ya faru a Toda a 1991, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da ɗari, ba ta buƙatar a tuna mata farashin barin wani ɓangare a waje.

Maraɗi tana da nata misalin a gida. Sassaben zamani, wato barin kututturan itatuwa su sake tofo a gona ana yi musu aski, ya fara yaɗuwa daga wannan jiha a shekarun 1980, kuma an ƙiyasta ya mayar da itatuwa kimanin miliyan 200 a faɗin hekta miliyan biyar a kudancin Nijar. Ba a yi shi da taki ko feshi ba. Ya yi nasara ne lokacin da manomi ya tabbata itacen da ya raina nasa ne, ƙauyuka irin su Ɗan Saga kuma suka kafa kwamitocin tsaro. Filin kiwo ya fi gona wuyar sha'ani domin na kowa ne, amma tambayar ɗaya ce: wanda ya yi haƙuri bana, shi zai ci baɗi?

Hujjar masu saɓani

Mafi ƙarfin abin da ake faɗa a kan wannan ra'ayi shi ne, ina dabbobin za su je a lokacin hutun? Tambaya ce ta gaskiya, kuma ta ƙara nauyi a ƴan shekarun nan da ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane suka addabi yankunan Madarunfa da Gidan Rumji, hanyoyin da garke ke bi zuwa kudu suka zama abin tsoro. Rufe kashi ɗaya na fili yana nufin ƙarin nauyi a kan sauran. Amsar ita ce a fara da sashen da garmani ya riga ya cinye, domin dabba ba ta rasa komai da rufe wurin da dama ba ta ci a cikinsa. A buɗe burtalin da gonaki suka toshe domin manyan garkuna su samu haurawa arewa da damana, inda ciyawa ba ta da yawa amma ta fi gina jiki. A bar masu awaki da tumaki na gida su yanki ciyawa daga wurin da aka rufe bayan iri ya zuba. Wannan ba zai share wahalar duka ba, shekarar farko za ta yi ɗaci. Amma barin al'amarin yadda yake ma rufewa ce, garmani ne kawai yake yinta, shi kuma ba ya sa ranar buɗewa.

Kammalawa

Tsarin da ya dace a bi a jere yake: a shata fili a tabbatar da matsayinsa, a ƙulla yarjejeniyar hutu da duk masu cinsa, a tuge garmani kafin fure, a watsa iri nan take, a gina rabin wata a kan faƙo, sannan a kai ɗan takin da ake da shi cikin rami da gonar iri. A sake bi shekara ta biyu da ta uku. Hukumomi da masu ba da tallafi kuma su sauya ma'aunin da suke auna nasara da shi. Yawan hektocin da aka nome a watan Yuli ba ya nuna komai. Abin da ya kamata a rubuta a rahoto shi ne hekta nawa ne ke ɗauke da kyasuwa da gadagi bayan damana uku da tashin aikin, da kuma ko makiyayin da aka roƙa ya janye ya samu dawowa da shanunsa.